Taiwan, injin Holan da kamfanin farin magi: yadda rigimar cip ɗin AI ke iso mu har Computer Village

Tun daga ƙarshen 2025, masu harkar waya da laftof, ko a Computer Village ta Ikeja suke ko a Alaba ko a Anacha, sun ga yadda memori ya yi tashin gwauron zabi. Mu a nan da zarar kaya ya yi tsada, dala muke fara zargi, sai kuma kwastam. Wannan karon ba su kaɗai ba ne, a kasuwar duniya ma farashin hawa ya yi. Kamfanoni uku ne kacal ke yin kusan duk ram ɗin da ke cikin wayoyi da kwamfutocin duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Su ukun nan sun karkata akalar masana'antunsu zuwa wani memori na musamman da manyan kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ke buƙata, domin can riba take. A Disambar 2025 Micron ma fitowa fili ya yi ya ce zai bar kasuwar ɗaiɗaikun mutane, zai daina sayar da kayansa masu tambarin Crucial, ya koma wa manyan kwastomomi.

To wannan fa ba yaƙi aka yi ba, ba takunkumi aka sa ba, ciniki ne kawai ya canza hanya, amma ga shi mun ji a aljihu. Abin da nake so in warware a rubutun nan shi ne abin da zai faru idan siyasar manyan ƙasashe ce ta toshe hanyar, da kuma inda mu muke tsaye a layin.

Abin da ake rigima a kai

Cip shi ne ɗan fallen nan baƙi da ke kan allon waya, wanda masu gyara ke kira aisi. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ido ba ya gani, suna kunnawa suna kashewa, da haka na'ura ke lissafi. Cip iri-iri ne. Akwai na cikin rimot da caja da mota, waɗanda masana'antu da yawa a duniya ke iya yi. Akwai kuma na ƙoli, wanda ake koyar da AI da shi. H100 na kamfanin Nvidia, misali, faɗinsa bai kai kwalin ashana ba, amma makunnai biliyan 80 ne a cikinsa. Lokacin da ake rububinsa, guda ɗaya yana kaiwa tsakanin dala 25,000 zuwa 40,000. Kuma ba ɗaya ko goma ake saye ba. Kamfanin xAI na Elon Musk ya haɗa guda 100,000 a wuri ɗaya a birnin Memphis a 2024. Da wannan ciniki Nvidia ya zama kamfani na farko da darajarsa ta kai dala tiriliyan 5, a Oktoban 2025.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Nvidia ba shi da masana'antar da ke ƙera cip ɗin. Zanawa yake yi a Kaliforniya, ya miƙa zanen ga TSMC a tsibirin Taiwan. Haka Apple yake yi, haka AMD, haka MediaTek wanda cip ɗinsa ke cikin ɗimbin wayoyin Tecno da Infinix da muke riƙe da su. Morris Chang ne ya kafa TSMC a 1987 a garin Hsinchu, da dabara guda: ba zai zana nasa ba, ba zai yi gasa da kwastomansa ba, na mutane kawai zai riƙa ƙerawa. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na cip mafi ci gaba a duniya daga hannunsa yake fitowa.

Wani zai ce to me ya hana masu kuɗi su gina tasu? Masana'anta ɗaya irin ta zamani tana cin kimanin dala biliyan 20, kusan abin da matatar Dangote ta Lekki ta ci ke nan. Amma kuɗin ma shi ne mai sauƙin. Faifan silikon guda yana bin matakai sama da dubu, wata uku ko fiye, kafin ya zama cip. Ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta lalata aiki. Gwaninta ita ce a cikin kowane ɗari nawa ke fitowa lafiya, kuma wannan ba a littafi take ba, tana kan dubban injiniyoyin da suka shekara talatin suna yi. Intel da Samsung suna da kuɗi, suna da masana, amma har yau suna bayan TSMC.

Ƙofofi da yawa, kowace mabuɗi ɗaya

TSMC ma kansa a hannun wasu yake. Injin da ke zana makunnan cip mafi ci gaba a kan faifai kamfani ɗaya ne tak a duniya ke yin sa, ASML, a wani ƙaramin gari mai suna Veldhoven a Holan. Yadda injin ke aiki abin a tsaya a ji ne. Yana ɗigo narkakken kuza, ɗigo 50,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, hasken leza na harbin kowane ɗigo a iska, sai ya fashe ya ba da wani irin haske mai tsawon zango nanomita 13.5 kacal. Wannan hasken gilashi na shanye shi, iska ma na shanye shi, don haka a wurin da aka zuƙe iska ake sarrafa shi, da madubai da kamfanin Zeiss na Jamus kaɗai ya iya gogewa. Lezar kuma ta Trumpf ce, shi ma na Jamus. Inji ɗaya ya haura dala miliyan 150, sabon samfurin kuma ya fi miliyan 350. Kai shi wurin mai saye yana buƙatar kwantena kusan 40 da jiragen saman dakon kaya uku. Tun 2019, bisa matsin lambar Amurka, gwamnatin Holan ta ƙi ba ASML lasisin sayar wa ƙasar Sin wannan inji, kuma har yau ko ɗaya bai shiga can ba.

Sai Japan. Yawancin faifan silikon da sinadaran da ake shafa masa kafin a haska daga kamfanonin Japan suke, irin su Shin-Etsu da SUMCO da JSR. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Ajinomoto. E, shi dai, mai farin magin da ake zubawa a miya a gidajenmu. A cikin binciken sinadaransu suka fito da wata siririyar leda da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin cip don kada wayoyin cikinsa su taɓa juna, kuma yau fiye da kashi 90 na kasuwar wannan leda tasu ce. Babban cip ɗin AI ba ya kammaluwa sai da ita.

Memorin da na ambata a farko, wanda ake kira HBM, jera shi ake yi hawa-hawa kamar bene a manna shi daf da cip ɗin. SK Hynix ne kan gaba a nan, masana'antunsa kuma suna Koriya ta Kudu, ƙasar da a takarda har yau ba ta gama yaƙi da Koriya ta Arewa ba tun 1953. Manna memorin da cip ɗin shi ma fasaha ce mai zaman kanta, kuma kusan duk a Taiwan ake yin ta. A 2023 ma ba ƙera cip ɗin ne ya yi ƙaranci ba, wannan mannawar ce ta sa kamfanoni suka riƙa jiran watanni.

Akwai ƙananan ƙofofi da sai sun rufe ake tunawa da su. Lokacin da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 aka gano kusan rabin iskar niyon da lezar masana'antun cip ke amfani da ita daga kamfanoni biyu take zuwa, ɗaya a Mariupol, ɗaya a Odesa, duka kuma suka tsaya. A Satumbar 2024 guguwar Helene ta rufe ma'adinan wani ƙauye mai suna Spruce Pine a Amurka, inda ake haƙo farin dutsen da ake yin tukunyar narka silikon da shi. Waɗannan an samu an wuce su, saboda akwai ajiya kuma an nemo wasu hanyoyi. Ta Taiwan ce babu ajiyar da za ta ɗauke ta.

Tsibirin da ake wa kallon nawa ne

Taiwan tana da mutane kusan miliyan 23, tsakaninta da gaɓar Sin inda ruwan ya fi matsewa kilomita 130 ne. A 1949 'yan gurguzu suka ci yaƙin basasa, gwamnatin Chiang Kai-shek ta gudu tsibirin ta zauna. Tun daga lokacin Beijing ke cewa yanki ne nata, kuma ba ta taɓa cire amfani da ƙarfi daga lissafi ba. Ƙasashe 12 ne kawai suka rage da ke hulɗar jakadanci da Taiwan, a Afirka Eswatini ce kaɗai. Mu ma rigimar ta taɓa biyowa ta ƙofarmu. A Janairun 2017, lokacin ziyarar ministan harkokin wajen Sin Wang Yi, gwamnatin Najeriya ta umarci ofishin cinikin Taiwan ya bar Abuja, shi ya sa yanzu a nan Legas yake. Amurka kuwa tun 1979 Beijing ta amince da ita, amma tana sayar wa Taiwan makamai, kuma da gangan ta ƙi faɗin ko za ta shiga yaƙi don kare ta.

Da Nancy Pelosi ta ziyarci Taipei a Agustan 2022, Sin ta kewaye tsibirin da atisaye, ta harba makamai masu linzami ta samansa. Ta sake irin wannan kewaye sau biyu a 2024, ta kuma sake a 2025. William Burns, lokacin yana shugaban CIA, ya ce bayanansu sun nuna Xi Jinping ya umarci sojojinsa su kasance a shirye nan da 2027, amma ya ƙara da cewa hakan ba ya nufin an yanke shawarar kai hari. A farkon 2024 masu lissafin Bloomberg suka ƙiyasta cewa yaƙi a kan Taiwan zai ci wa duniya kusan dala tiriliyan 10, wajen kashi 10 na duk abin da duniya ke samarwa a shekara.

Ni dai a ganina ba mamaya ce ta fi kusa ba. Ƙetare teku da dubban sojoji abu ne mai wuya, kuma ko an kama masana'antun ba za su yi amfani ba. Inji ne da in babu injiniyoyin ASML, babu sinadaran Japan, babu manhajar Amurka, cikin ɗan lokaci zai zama tarin ƙarfe. Shugaban TSMC na lokacin, Mark Liu, ya faɗi kusan haka a 2022, cewa ba wanda zai iya mallakar kamfanin da ƙarfin bindiga. Abin da ya fi sauƙi shi ne toshe hanya. Sin ta ce jiragen ruwa sai an bincike su kafin su shiga, ko ta tsawaita atisaye daga kwana uku zuwa wata guda. Taiwan tana shigo da kusan kashi 97 na makamashinta daga waje. Iskar gas ɗin da take ajiyewa ta kwana goma sha kaɗan ce, ga shi a Mayun 2025 ta rufe tashar nukiliyarta ta ƙarshe. TSMC shi kaɗai yana shan wajen kashi 8 na wutar ƙasar. Ba sai an harba harsashi ba, kamfanonin inshora su ƙi rufa wa jiragen gas baya ya wadatar.

Mu mazauna kudu mun san yadda toshe hanya yake. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi daga arewa. Kwana kaɗan tumatir da nama suka gagari talaka a Legas, can gida kuma tumatir ya yi kwantai a hannun manoma. Kowa ya ji jiki, cikin mako guda aka janye. Masu cewa Sin ba za ta taɓa Taiwan ba irin wannan lissafin suke yi, don masana'antun Shenzhen da ke haɗa wayoyin duniya su ma da cip ɗin Taiwan suke aiki. 'Yan Taiwan har suna suka ba abin, garkuwar silikon. Hujja ce mai ƙarfi, amma ban cika dogaro da ita ba. Jamus ma ta ɗauka cinikin gas zai hana Rasha yaƙi. Sabo da kaza ai ba ya hana yanka. Sannan akwai bambanci babba: tumatir in an buɗe hanya gobe jibi ya iso Mile 12, masana'antar cip kuwa in ta lalace shekaru ake ɗauka kafin a tayar da wata.

Ko ba siyasa ma tsibirin yana kan layin girgizar ƙasa. Ta 3 ga Afrilun 2024 a Hualien ita ce mafi ƙarfi cikin shekara 25. A nan sai a yaba musu, don cikin awa goma TSMC ya ce ya dawo da fiye da kashi 70 na injinansa. A farin 2021 kuwa da tankoki aka riƙa kai wa masana'antun ruwa.

Yaƙin takarda

Wancan yaƙin tsoronsa ake yi. Wanda ake ciki yanzu da lasisi da sa hannu ake yin sa. Ranar 7 ga Oktoban 2022 gwamnatin Biden ta hana sayar wa Sin manyan cip ɗin AI irin su A100 da H100, da injinan ƙera su, ta kuma hana Amurkawa yi wa manyan masana'antun Sin aiki. Daga baya Japan da Holan suka bi sahu. Nvidia ya rage wa nasa ƙarfi ya fito da H800 don kasuwar Sin, a Oktoban 2023 aka hana shi ma. Ya sake ragewa ya fito da H20. A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta tare wannan, kamfanin ya rubuta asarar dala biliyan 4.5. A Agusta aka ce ya sayar, amma ya ba gwamnatin Amurka kashi 15 na cinikin. Sai Beijing kuma ta ce wa kamfanoninta su guji sayensa. A Disamba Trump ya ce ya yarda a sayar da H200, wanda ya fi H20 ƙarfi nesa ba kusa ba, a kan kashi 25. Ku duba fa, cikin wata takwas an juya doka sau uku. Ɗan kasuwar da ya taɓa yin oda aka canza masa kuɗin fito kaya na kan ruwa ya san irin wannan ciwon kai.

Sin ma ba ta naɗe hannu ba. Kusan kashi 98 na ɗanyen galiyam ɗin duniya ita ke fitarwa, ƙarfen da ke cikin ƙananan cajojin nan masu saurin cika waya da kuma na'urorin hango jirage na soja. A Agustan 2023 ta sa masa lasisi tare da jamaniyam, a Disambar 2024 ta hana sayar wa Amurka su gaba ɗaya. A Afrilun 2025 ta matse wasu ma'adinai bakwai da ake yin maganaɗisu da su, waɗanda kusan kashi 90 na tace su a hannunta yake, har sai da kamfanin Ford ya rufe wata masana'antarsa a Chicago na mako guda. A Oktoba ta ƙara faɗaɗa dokar. Sai da Trump da Xi suka zauna a Busan ranar 30 ga Oktoban 2025 aka dakatar da sababbin matakan, shi ma na shekara ɗaya.

A daidai lokacin ne rigimar Nexperia ta tashi, wadda ya kamata 'yan Ladipo su lura da ita. Kamfani ne a Holan mallakin 'yan Sin, yana yin ƙananan cip na mota masu arha. Gwamnatin Holan ta karɓe ikonsa da wata tsohuwar doka ta 1952, Sin ta hana fitar da kayan daga masana'antarsa ta Dongguan, cikin makonni Honda ya tsayar da aiki a Meziko. Abin da bai kai kuɗin kwalbar lemo ba ya tsayar da mota sukutum.

Shin takunkumin ya yi aiki? Rabi da rabi. A Agustan 2023, daidai lokacin da sakatariyar cinikin Amurka Gina Raimondo ke ziyara a Sin, Huawei ya fito da wayar Mate 60 Pro da cip mai nanomita 7 da SMIC ya ƙera a gida da tsofaffin injina. A Janairun 2025 kamfanin DeepSeek ya nuna AI da ke gogayya da na Amurka, ya kuma ce tushensa da H800 kusan 2,000 aka koyar da shi. Ranar 27 ga watan darajar Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya. Ga kuma fasa-ƙwauri, har sai da Singafo ta gurfanar da mutum uku a Fabrairun 2025, Malesiya kuma ta sa takardar izini a Yuli. Amma ba tare da injin ASML ba, abin da Sin ke ƙerawa yana fitowa da tsada, da yawa suna lalacewa, kuma bai isa bukatarta ba. An rage mata gudu, an kuma ba ta dalilin zuba duk ƙarfinta don ta daina dogaro da kowa.

Mu ina muke?

An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma wannan da ruwanmu. A Janairun 2025, saura mako guda Biden ya sauka, ya fitar da wata doka da ta raba duniya gida uku. Gida na farko ƙawaye 18, irin su Ingila da Japan da Holan, su sayi yadda suke so. Gida na uku an rufe musu ƙofa: Sin, Rasha, Iran, Koriya ta Arewa, har da Sudan. Sauran duniya, ciki har da Najeriya da Nijar da Gana da Indiya da Saudiyya, gida na biyu, kowace ƙasa an yanka mata kaso, kimanin H100 guda 50,000 zuwa 2027. Gaskiya ko rabin wannan ba mu da kuɗin saye ko wutar kunnawa, kuma Trump ya soke dokar a Mayu kafin ta fara aiki. Amma dubi abin da ya maye gurbinta. A makon da ya soke ta ne ya je yankin Gulf aka sanar da cip 18,000 ga kamfanin Humain na Saudiyya, da katafariyar cibiya a Abu Dhabi. Wato yanzu ƙasa-ƙasa ake ciniki, mai abin bayarwa shi ke samu. Ko an rubuta doka ko ba a rubuta ba, an riga an nuna cewa cip kayan siyasa ne, wani a Washington ke cewa a ba wane a hana wane.

A Maris 2025 kamfanin Cassava na Strive Masiyiwa, wanda tsofaffin 'yan Legas za su tuna da shi tun zamanin Econet, ya sanar da haɗin gwiwa da Nvidia don kafa cibiyoyin AI a Afirka. An fara da cip 3,000 a Afirka ta Kudu, Najeriya na cikin ƙasashen da aka ce za su biyo baya. Ku kwatanta 3,000 ɗin nan da 100,000 na gini ɗaya a Memphis. Matasanmu da ke ƙoƙarin koya wa na'ura Hausa da Yarbanci da Ibo, yawancinsu hayar cip suke yi ta intanet, awa-awa, da dala, a kan kwamfutocin da ke Turai ko Amurka. Ranar da kaya ya yi ƙaranci, mai hayar zai fara sallamar manyan kwastomominsa ne. Mun ɗanɗana makamancin haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, manhajojin banki suka riƙa juyawa ba sa buɗewa.

Amma ga yawancinmu ba ta ƙofar AI abin zai shigo ba, ta waya da POS da mota zai shigo. Masana'antun da ke yi wa Nvidia aiki su ne ke yi wa MediaTek, kuma in wuri ya matse, wanda ke biyan dubban daloli kan cip ɗaya ake fara saurara, ba mai wayar naira dubu ɗari da hamsin ba. Waya mai arha ribarta siririya ce, memori kuma babban kaso ne na kuɗin haɗa ta, don haka kamfani ko ya ƙara kuɗi ko ya rage ram ya bar farashi yadda yake. A nan zan ja kunnen masu saye: in kun ga an rubuta 4+4 ko 8+8 a kwali, lambar farko ce ram na gaskiya, ta biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar. Motoci ma mun gani a 2021, da ƙarancin cip ya hana fitar da sababbi a Amurka, mutanensu suka koma kan tsofaffi, farashin na hannu ya hau tun daga wurin gwanjo kafin tokumbo ta iso Tin Can. Ga kuma hanyar ruwan kanta: a 2022 an ƙiyasta kusan rabin jiragen kwantena na duniya sun ratsa mashigin Taiwan. In aka rufe shi, har kayan da ba ruwansu da cip, takalmi da yadi da fitilar sola, sai sun yi jinkiri.

Ana neman mafita, ba a zauna ba. A Agustan 2022 Amurka ta ware dala biliyan 52.7 don dawo da ƙera cip gida. TSMC ya buɗe masana'anta a Kumamoto ta Japan a Fabrairun 2024, ya aza tubalin wata a Dresden ta Jamus, a Arizona kuma a Maris 2025 ya ɗaga alkawarin jarinsa zuwa dala biliyan 165. Ta Arizona ta yi jinkiri saboda ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, amma ta fara aiki. Sai dai sabuwar fasaha mafi ƙanƙanta, mai nanomita 2, a Hsinchu da Kaohsiung aka fara ta, kuma da gangan ne, don Taiwan ta san ranar da duniya ta daina bukatarta garkuwar ta faɗi. Da sakataren cinikin Amurka Howard Lutnick ya kawo shawarar a raba aikin rabi da rabi a Satumbar 2025, Taipei cewa ta yi ba ta yarda ba.

A Oktoban 2025 Jensen Huang, shugaban Nvidia, wanda shi kansa haifaffen Taiwan ne, ya je Phoenix ya sa hannu a kan faifan Blackwell na farko da aka ƙera a ƙasar Amurka, aka yi hotuna aka tafa. Amma wannan faifan sai an sa shi a jirgi an mayar da shi Taiwan an manna masa memori kafin ya zama abin amfani. Masana'antar da za ta riƙa yin wannan aiki a Arizona, ta kamfanin Amkor, a watan ne aka fara gininta, kuma sai a farkon 2028 ake sa ran za ta fara fitar da kaya, shekara guda bayan 2027 ɗin da Burns ya ambata.